Ruwan Daɗi da Ruwan Gishiri: Halin da Su Yake Ciki da Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Jawabin da aka gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayen ƙungiya da dattawanmu, shugabannin rassa da suka taso daga Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin da Togo da Gana, iyayenmu mata masu sana'ar banda da kifin ƙanƙara, dillalai da masu masauki da direbobi, Alhazai da Hajiyoyi, ina yi mana barka da ganin wannan rana. Allah Ya saka wa waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Kwamitin shirya taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan halin da su yake ciki, wato kamun kifi, a koguna da tafkuna da kuma teku. Na san ba dukanmu ne 'yan kifi ba. A cikinmu akwai masu albasa da tattasai, akwai masu shanu, akwai masu goro da kanwa. To amma motar da ta sauke banda a Anacha ita ce ke ɗauko manja da gari ta dawo da su arewa. Ranar da ta rasa abin kaiwa kudu, mai manja shi zai biya kuɗin tafiya da dawowa. Saboda haka ina roƙon kowa ya ba ni aron kunnensa.

Maganata a dunƙule ita ce, ruwa ya dawo wurare da yawa a 'yan shekarun nan, amma kwalayenmu sai ƙara cika suke da ƙananan kifi. Tekun da muke komawa gare ta in tafki ya gaza, ita ma ta fara gajiya. Kuma muna da hannu a ciki, domin masunci ba ya wahalar kama abin da ya san ba za mu saya ba.

Bari in fara da yadda kifin ruwan daɗi yake samuwa, don a nan ne tushen maganar yake. Yawancin kifayenmu da ambaliya suke haihuwa. In damina ta yi nisa kogi ya cika ya malala fadama, tarwaɗa da karfasa da bargi da sauransu sai su bi ruwa su shiga cikin ciyawa su saki ƙwai. A nan 'ya'yan ke samun abinci da wurin ɓuya har su yi ƙwari. In ruwa ya fara janyewa sai su gangaro kogi, lokacin ne su yake albarka. Shekarar da ruwa ya cika fadama ya daɗe, ana ganin amfaninta a ranin nan da wanda ke biye. Duk abin da ya hana ruwa shiga fadama, ko ya tare ƙanana a hanyarsu ta dawowa, to kasuwar baɗi ya taɓa.

Mu ɗauki Tafkin Chadi. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi har ya rabu biyu, kwarin kudu da kwarin arewa. Kusan duk ruwan tafkin daga kogin Shari da Logon yake zuwa, kuma kwarin kudu yake fara cikawa. Sai ya tumbatsa sannan ya tsallaka zuwa kwarin arewa, wajen Boso da Gigime. Shi ya sa dattawan Difa za su gaya muku akwai shekarun da suka ga an yi noma a inda a da ake tuƙa jirgi. Kifin ma ya sauya. Masu son buɗaɗɗen ruwa mai zurfi suka ragu, tarwaɗa da karfasa da bargi, waɗanda ke jure wa ruwan ciyawa, suka zama su ne kasuwa.

Daminar 2022 da ta 2024 sun kawo ruwa mai yawan gaske. Mun ga ɓarnar da ya yi a Injamena da Kusiri da Difa, mun ga abin da ya sami Maiduguri a watan Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. Wannan ruwan dai shi ya cika fadamu ya tsallaka kwarin arewa, kifi kuma ya samu wurin haihuwa. Abin da ya hana mu cin moriyarsa yadda ya kamata shi ne rashin tsaro. Tun harin da aka kai Baga a farkon 2015 kasuwar Doron Baga ba ta koma yadda muka san ta ba. A shekarar ne Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Difa, aka hana su da fataucin kifi da tattasai, sai bayan shekaru aka sassauta. Har yanzu akwai tsibiran da masunci ba ya shiga sai ya biya masu riƙe da makamai, ya fito kuma ya tarar da shingaye a hanya. Duk wannan kuɗi a kan kwalin banda yake hawa kafin ya isa Haɗeja ko Anacha ko Legas. Su kuma wuraren da ake iya shiga lafiya, masunta sun yi cincirindo a cikinsu, ana jera dumba ana toshe mashigin ruwa gaba ɗaya, babba da ƙarami babu mai wucewa.

In muka hauro kogin Komadugu Yobe zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, matsalar ta madatsai ce da ciyawa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa ke zuwa. Maimakon ya cika a lokacinsa ya janye a lokacinsa, sai ya riƙa kwarara kaɗan-kaɗan duk shekara, irin yanayin da kachalla ke so ke nan. Ta toshe magudanai, ta cinye wuraren su da na noma. Haka mutanen arewacin Kamaru suka gani bayan an gina madatsar Maga a 1979, fadamar Logon ta yi shekaru ba ta samun ambaliyar da ta saba, su da kiwo suka durƙushe, har sai da aka sake buɗe wa ruwa hanya a shekarun 1990. A kogin Binuwai kuwa, daga Garwa zuwa Yola da Ibi, idon kowa na kan madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982, domin sakin ruwanta na iya kwashe koma da kwalekwale a dare ɗaya.

Kogin Kwara, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira Isa, cika biyu yake yi a shekara. Akwai jan ruwa na damina, sannan akwai baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali, ya iso Yamai da Gaya da Yawuri a lokacin sanyi. Wannan cika ta biyu ita ke riƙe da masunta a tsakiyar rani. Abin da ke damun kogin a yau shi ne yashi da ke cike gurbinsa, da kainuwa da ke rufe fuskar ruwa, da rashin tsaro a yankin Tilaberi da wasu sassan jihohin Neja da Kebbi. Ana kuma gina madatsar Kandaji a saman Yamai, ranar da ta fara aiki lissafin ruwa zai sauya ga duk wanda ke ƙasa da ita. A tafkin Kainji, wanda aka tare a 1968, an daɗe da hana jan dala, wato tarun nan mai ƙananan idanu da ake ja don warangi, saboda yana haɗawa da 'ya'yan manyan kifi. Doka tana nan a takarda, amma duk wanda ke zuwa kasuwar Yawuri ya san abin da ake shanyawa a bakin ruwa. A tafkin Volta na Gana ma, wanda ke ciyar da kasuwar Yeji, kukan masunta ɗaya ne da na Kainji: jirage sun yi yawa, kifi ya ƙanƙance.

Yanzu mu gangara ruwan gishiri. Wani zai ce ina ruwan ɗan Maraɗi ko ɗan Kano da teku? To ya leƙa tukunyar gidansa. Alƙaluman da hukumomin Najeriya suka saba bayarwa sun ce ƙasar na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan 1 da 'yan kai ba. Kifin ƙanƙara ne ke rage giɓin, titus da shawa da kote da panla, waɗanda ke sauka a tashoshin Legas da Kwatano da Lome da Tema, mu kuma mu hau da su arewa.

A gaɓar Gana akwai wani ƙaramin kifi mai tafiya garke-garke, wanda suke kira amane, mutanen Senegal kuma suke ce masa yaboy. Shi ne naman talaka a duk gaɓar yammacin Afirka. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi kan taso daga ƙarƙashin teku da abincin kifi, lokacin ne kakarsa. A da mata na gasa shi su cika kwanduna har Kumashi da Tamale da Wagadugu. Yau kamunsa ya faɗi warwas in aka kwatanta da shekarun 1990. Dalilan sanannu ne: yawan jirage, su da fitila da dare, tarun ƙananan idanu, da kuma abin da suke kira saiko, inda manyan jiragen kamfani ke kama ƙananan kifin da ba hurumin su ba ne, su daskarar, su sayar wa kwalekwale a tsakiyar teku. Abin ya kai ga Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2021, ta kuma hana shigar kifin Kamaru kasuwarta a farkon 2023. Gana ta koma rufe teku a watannin Yuli da Agusta ga jiragen kamfani, akwai kuma shekarun da aka sa masu kwalekwale ma suka ajiye koma na wata guda. Duk mai sayen kifi a Tema ko Takoradi ya sa wannan a lissafinsa.

Can sama kuma, a Muritaniya da Senegal da Gambiya, masana'antun garin kifi sun yawaita, musamman a Nuwadibu. Yaboy ɗin da mutane ke ci shi ake niƙawa a yi abincin kifin kiwo da na dabbobi, a kai Turai da Asiya. Kafin a sami kilo 1 na gari sai an niƙe kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi, kuma an ƙiyasta abin da ake niƙewa a yankin ya haura tan 500,000 a shekara. Titus ɗin da muke taƙama da shi kuwa, akasarinsa daga tekun arewacin Turai yake zuwa, wajen Norwe da Ingila. A 2025 masanan da ke ba ƙasashen can shawara sun ce a rage kamunsa na 2026 da kashi 70 cikin 100, saboda an daɗe ana kama fiye da ƙima. Mai ɗakin sanyi ya san ma'anar wannan a farashin kwali.

Ga kuma abin da ya faɗo mana ta tudu. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. A 2023 aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, kuɗin man injin jirgi da na mota da na janaretan ɗakin sanyi suka tashi lokaci guda. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin shekarar aka sake rufe iyaka, kayan da ke bi ta gadar Malanbil zuwa Gaya suka koma tsallake da kwalekwale. Mai goro ko mai kanwa na iya kwana bakwai a bakin iyaka ya tashi da kayansa. Mai kifin ƙanƙara in ya kwana biyu injin sanyi ya tsaya, sai dai ya haƙa rami. Wasu sun ce kiwon tarwaɗa a kududdufi zai fid da mu, kuma lallai ya taimaka, sai dai abincinta da masara da waken suya da garin kifin nan ake haɗa shi, ga su duk sun yi tsada.

'Yan'uwa, damina ba a hannunmu take ba, haka madatsai da jiragen kamfani da rufe iyaka. Akwai dai abu biyu da ke hannunmu, kuma gara mu faɗa wa kanmu gaskiya a cikin gida.

Na farko, sayen ƙananan kifi. Da yawa daga cikin masunta da kuɗinmu suke aiki. Mu ke ba su bashin koma da gura da man inji, su biya mu da kifi. In ɗan kasuwa ya saya wa masunci koma mai idon da yatsa ɗaya ba ya shiga, ko ya karɓi buhun 'ya'yan karfasa da aka tace da gidan sauro, to shi ya yi wannan su ɗin, ko da ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba. Karfasar da ba ta kai tafin hannun yaro ba, da an bar ta wata shida da ta yi ƙwai ta kuma yi kuɗi. Manomi ba ya dafa irinsa ya ce ya ci riba.

Na biyu, magani. Akwai masu zuba guba a ruwa don kifi ya taso, akwai masu yayyafa fiya-fiya ko maganin ƙwarin gona a kan banda don kada ƙwari su cinye ta a hanya. Wannan bandar a miyar 'ya'yan wani za ta ƙare, wataƙila ma a ta gidan mai yayyafawar. Bayan alhaki, akwai asarar kasuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda irin wannan magani, masu gaskiya da marasa gaskiya duk suka kwana a ciki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da aka ce bandar wata kasuwa na kashe mutane, babu mai tsayawa tambayar kwalin wane ne.

Hutar da ruwa kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu, Sarkin Ruwa da Makwashe ke tsare kogin Matan Fada, ba mai jefa koma a wurin sai ranar da aka buɗe, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru su ɗaga. Masuntan gaɓar Gana tun kakanni ba sa shiga teku ranar Talata. A garuruwanmu da yawa akwai tafkin da ba a taɓawa sai sarki ya yi shela. Iyayenmu sun san ruwa na buƙatar hutu tun kafin a kafa ma'aikatar kifi.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina gabatar wa wannan taro shawarwari biyar, in an amince a sa su cikin ƙudurorin bana.

Ta farko, kowane reshe da ke bakin ruwa ya zauna da sarkin ruwa da shugabannin masunta da jami'an kifi na yankinsa, a tsayar da girman tarwaɗa da karfasa da bargi da giwan ruwa wanda ɗan ƙungiya ba zai sayi ƙasa da shi ba. Irin su warangi da Allah Ya halitta ƙanana ba sa ciki. Mai ba da bashin koma kuma kada ya sayi wadda idonta ya gaza abin da aka yarda.

Ta biyu, duk kwalin banda na ɗan ƙungiya ya ɗauki sunan mai shi da garin da aka ɗaure shi. Wanda aka kama da sa magani a ci shi tara, in ya sake a karɓe katinsa a sanar da dukan rassa. Da haka mai saye a Anacha ko Kumashi zai san kwalin da ke da alamarmu abin amincewa ne, ya kuma biya kuɗinsa.

Ta uku, tunda mun hana magani, mu kawo abin da zai maye gurbinsa. Banda in ta gasu ta bushe sosai aka ɗaure ta da tsabta, ƙwari ba sa saurin kama ta. Matan Gana sun daɗe da murhun Chorkor, mai sunan wata unguwar masunta a Akra, wanda ake jera faifan waya hawa-hawa, yana cin itace kaɗan ya gasa kifi da yawa. Rassanmu na Gana su ɗauki nauyin koya wa matanmu na Yawuri da Gaya da Haɗeja da Difa, asusun ƙungiya ya ba da rancen ginawa.

Ta huɗu, kowane reshe ya naɗa mutum ɗaya da zai riƙa sa labari a zauren WhatsApp na ƙungiya duk mako: ruwa na hawa ko yana sauka, nawa kwali yake a naira ko sefa ko sidi, wace hanya ce a buɗe, yaushe za a rufe teku ko tafki. Asara da yawa daga rashin labari take, mutum ya yi lodi ya tarar da kasuwa ta cika ko hanya a rufe.

Ta biyar, duk abin da aka karɓa a hannun direba a shinge, na kwastan ne ko duwan ko jandarma ko 'yan sanda, a rubuta wuri da rana da adadi, da rasit ko babu. In shekara ta zagayo shugabanni su ɗauki littafin su kai wa hukumomi, su nemi a riƙa sallamar motar kifi da wuri kamar yadda ya dace da kaya mai lalacewa. Koken mutum ɗaya a bakin shinge ba ya zuwa ko'ina, amma littafin rassa bakwai dole a buɗe shi.

Ina ƙara jan hankalin masu aika yara sayen kifi a bakin tafki. Inda hukuma ta ce kada a shiga, kada arahar kifi ta sa mu tura ɗan wani. Babu kwalin da ya kai ran mutum.

Na san za a ce in mun ƙi sayen ƙanana wani zai saya. Haka ne, a farko. Amma manyan motoci da ɗakunan sanyi da masu masauki a kasuwannin kudu akasari namu ne, kuma masunci ya fi son mai sayen da zai dawo baɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dalilin kafa ƙungiyar ke nan tun farko.

Allah Ya ba mu damina mai albarka marar ɓarna. Allah Ya kawo zaman lafiya a Tafkin Chadi da kogin Kwara da dukan ƙasashenmu. Allah Ya jiƙan masunta da fatake da direbobin da suka rasu a ruwa da kan hanya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.